Gasar Oska ta 2025: Yawan Suna a Takara Ba Shi Ne Cin Kyauta Ba

Ran Alhamis 23 ga watan Janairu na shekarar 2025, tun da asuba, a birnin Los Anjalas na ƙasar Amurka, ƙungiyar ma'aikatan sinima wadda ake kira Akademi ta bayyana sunayen finafinai da na ƴan wasan da za su yi takarar kyautar Oska karo na 97. Da ma an yi niyyar yin wannan sanarwa tun ran 17 ga watan, amma gobarar daji da ta tashi ran 7 ga wata, ta cinye dubban gidaje a kewayen birnin, ita ta sa aka ɗage ranar har sau biyu. Sunayen na fita, sai jaridu da gidajen rediyo da talabijin na duniya suka ɗauka. Waɗansu na murna, waɗansu na ƙorafi, masu hasashe kuwa suka shiga faɗar wanda zai ci tun ba a jefa ƙuri'ar ƙarshe ba.

Da yake an riga an raba kyaututtukan tun ran 2 ga watan Maris na wannan shekara, ana iya ɗora abin da aka faɗa a watan Janairu bisa sikeli ɗaya da abin da ya auku. Wannan awo yana da amfani ga mai karatu, musamman ma'aikatan da aka danƙa wa sha'anin al'adu, domin yana nuna yadda ake cin wannan gasa, da kuma inda finafinan Afirka ke tsayawa a kan hanya.

Yadda ake yin zaɓen

An kafa Akademi a shekarar 1927, aka ba da kyauta ta farko a 1929. Masu jefa ƙuri'a a 2025 sun kai kimanin mutum dubu 10, dukansu ma'aikatan sinima ne, an kasa su reshe-reshe: ƴan wasa, masu shirya fim, marubutan labari, masu ɗaukar hoto, masu haɗa hoto, masu kiɗa, masu tsara sutura da sauransu. Fannonin da aka ba da kyauta a kansu a wannan shekara guda 23 ne.

Zaɓen zagaye biyu ne. A zagaye na farko, a mafi yawan fannoni, kowane reshe ne ke fid da ƴan takararsa biyar: ƴan wasa su zaɓi ƴan wasa, marubuta su zaɓi marubuta. Babbar kyauta kuwa, wato ta fim mafi kyau, kowa yana da ƙuri'a a kanta, kuma finafinai 10 ake tsayarwa. A zagaye na biyu kowane memba yana iya jefa ƙuri'a a kowane fanni.

Akwai wata ƙa'ida game da babbar kyauta wadda sai an fahimce ta ake gane sauran labarin. Mai ƙuri'a ba fim ɗaya yake zaɓa ba, jera su yake yi daga na 1 har na 10. Idan babu fim ɗin da ya samu fiye da rabin ƙuri'un da suka sa shi a gaba, sai a cire na ƙarshe, a raba ƙuri'unsa ga waɗanda masu su suka sa a matsayi na biyu, a yi ta yin haka har wani ya haye rabi. Saboda haka fim ɗin da mutane da yawa suka sa na biyu ko na uku yana iya kayar da wanda rabin jama'a ke so ƙwarai, rabi kuma ke ƙi ƙwarai. A irin wannan zaɓe, yawan maƙiya ya fi ƙarancin masoya illa.

Ita kanta Akademi ta canza kama a ƴan shekarun nan. A 2015 da 2016, dukan ƴan wasa 20 da aka tsayar takara fararen fata ne, abin da ya jawo suka mai zafi. Daga nan ƙungiyar ta shiga ɗaukar sababbin membobi, mata da baƙar fata da mutanen ƙasashen waje. A 2020 aka ga sakamakon haka, lokacin da fim ɗin Koriya ta Kudu mai suna Parasite ya ci babbar kyauta, karo na farko ke nan da fim ɗin da ba na Ingilishi ba ya yi haka.

Sunayen da aka fitar

Fim ɗin da ya zo kan gaba shi ne Emilia Pérez, wanda aka tsayar a wurare 13. Bafaranshe ne ya shirya shi, Jacques Audiard, da harshen Sifaniyanci, kuma labarinsa na wani shugaban masu fataucin miyagun ƙwayoyi ne a ƙasar Meziko, wanda ya ɓace ya sauya jinsi ya koma mace. Kafin nan babu wani fim na harshen waje da ya wuce wurare 10. Bayansa sai The Brutalist da Wicked, kowane da 10, sai Conclave da A Complete Unknown, kowane da 8. Fim ɗin Anora, wanda ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 2024, wurare 6 kaɗai ya samu.

Cikin masu shirya fim biyar da aka tsayar, biyu Faransawa ne: Audiard da Coralie Fargeat, wadda ita ce mace ɗaya tilo a cikinsu. Cikin ƴan wasa mata akwai Cynthia Erivo, haifaffiyar Ingila wadda iyayenta ƴan Najeriya ne, da Demi Moore, wadda sai da ta kai shekara 62 ta samu shiga takarar karo na farko.

Murna da ƙorafi

Babu inda aka yi murna kamar ƙasar Barazil. Fim ɗinsu mai suna Ainda Estou Aqui, ma'ana "har yanzu ina nan", ya shiga wurare 3, har da babbar kyauta, abin da masu hasashe da yawa ba su zata ba. Fim ɗin yana ba da labarin Eunice Paiva, matar wani tsohon ɗan majalisa, Rubens Paiva, wanda jami'an mulkin soja suka ɗauke daga gidansa a watan Janairu na 1971, bai sake dawowa ba. Ƴar wasan da ta fito a matsayin matar, Fernanda Torres, ta bi sawun mahaifiyarta, Fernanda Montenegro, wadda aka tsayar a wannan fanni a 1999. Mutum ɗaya ne, Walter Salles, ya shirya finafinan uwa da ɗiya.

Ƙorafi kuwa ya zo ta fuskoki da dama. An yi mamakin yadda Conclave, labarin zaɓen sabon Paparoma, ya samu wurare 8, amma aka bar wanda ya shirya shi, Edward Berger, a waje. Manyan ƴan wasa irin su Denzel Washington da Angelina Jolie da Nicole Kidman ba su ji sunansu ba. Masu sharhi da yawa sun ji zafin barin Marianne Jean-Baptiste, baƙar fata ƴar Ingila, wadda ƙungiyoyin masu sharhin fim na Niyok da Los Anjalas suka karrama saboda wasanta a Hard Truths. Haka kuma fim ɗin Indiya na Payal Kapadia, All We Imagine as Light, wanda ya ci kyauta ta biyu a Cannes, bai shiga ko'ina ba, domin hukumar ƙasarsa wani fim dabam ta aika.

Fushi na gaske daga Meziko ya fito. Mutanen ƙasar suka ce an ɗauki masifarsu an yi waƙa da rawa da ita, a ƙasar da mutane fiye da dubu 100 suka ɓace ba a san inda suke ba. Suka ce a ɗakin ɗaukar fim kusa da Paris aka yi mafi yawan aikin, kuma cikin manyan ƴan wasan mata huɗu, ɗaya ce tak ƴar Meziko. A ranar sanarwa, masu hasashe ba su ba wannan kuka muhimmanci ba, saboda a ganinsu masu kukan ba su ne ke riƙe da ƙuri'a ba.

The Brutalist shi ma ya sha tambaya. Fim ne mai tsawon awa 3 da minti 35, labarin wani Bayahude mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Hangari da ya yi ƙaura zuwa Amurka bayan yaƙin duniya na biyu. A cikin watan Janairu, wanda ya haɗa hotunan fim ɗin ya bayyana cewa an yi amfani da kwamfuta mai kwaikwayon murya don gyara lafazin ƴan wasa a inda suke magana da harshen Hangari. Nan take aka shiga tambaya ko ya dace a ba ɗan wasa kyauta a kan muryar da na'ura ta taɓa.

Abin da masu hasashe suka dogara a kai

Sanin kowa ne cewa masu hasashen Oska ba duba suke yi ba. Alamomi suke bi, kuma a ƙarshen watan Janairu alamomi biyu ne a hannunsu. Ta farko ita ce yawan wuraren takara, domin fim ɗin da rassa da yawa suka zaɓa ana ɗauka yana da masoya a ko'ina cikin ƙungiyar. Ta biyu ita ce kyautar Golden Globes, wadda aka raba ran 5 ga Janairu, inda Emilia Pérez ya ci kyauta 4, The Brutalist ya ci 3. Bisa wannan, mafi yawan masu hasashe suka ce tsakanin waɗannan biyu za a fafata. Suka ce kyautar fim ɗin ƙasashen waje ta riga ta zama ta Faransa, ta ƴar wasa kuma Demi Moore ce ke kan gaba.

Rauni yana cikin alama ta biyu. Masu zaɓen Golden Globes ƴan jarida ne, ƴan ɗaruruwa, ba su ne ke zaɓen Oska ba. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce ta ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan sinima, wato na masu zuba kuɗi da na masu shirya fim da na marubuta da na ƴan wasa, domin da yawa daga membobin Akademi suna cikinsu. Su kuwa a 2025 sai a watan Fabrairu suka raba nasu kyaututtuka. Duk wanda ya yanke hukunci a watan Janairu ya yi shi ne kafin shaidu na ainihi su yi magana.

Baki shi ke yanka wuya

Ran 30 ga Janairu, mako ɗaya bayan sanarwa, wata ƴar jarida Musulma a ƙasar Kanada ta tono tsofaffin saƙonnin da Karla Sofía Gascón, babbar ƴar wasan Emilia Pérez, ta rubuta a dandalin Twitter a shekarun baya. Ita Gascón ƴar Sifen ce, kuma ita ce ta farko cikin waɗanda suka bayyana sun sauya jinsi da aka tsayar takarar ƴar wasa. A cikin saƙonnin akwai cin mutuncin addinin Musulunci da Musulmin da ke zaune a Sifen, akwai munanan kalamai a kan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a Amurka a 2020, har da ba'a ga bikin Oska na 2021 saboda yawan baƙar fata da ƴan Asiya da aka karrama.

Ta nemi gafara, amma magana zarar bunu ce. Kamfanin Netflix, wanda ya sayi izinin nuna fim ɗin a Amurka kuma yake ɗauke da nauyin neman ƙuri'a, ya janye ta daga tallace-tallacensa. Shi ma Audiard ya fito ya nisanta kansa daga kalamanta. Fim ɗin da ake tallarsa da sunan haƙuri da juna da karɓar kowa, sai ga shi ya zama abin kunya ga duk mai son ya zaɓe shi. Kukan ƴan Meziko, wanda aka yi banza da shi a farko, ya samu masu sauraro. An buɗe zagaye na biyu na zaɓe ran 11 ga Fabrairu, aka rufe ran 18, a daidai lokacin da maganar ke da zafi.

A cikin waɗannan kwanaki ne shaidu na ainihi suka yi magana. Ran 8 ga Fabrairu, ƙungiyar masu zuba kuɗi da ta masu shirya fim duka suka ba Anora kyautarsu a dare ɗaya. Bayan mako guda marubuta suka bi. Ingila ta ba Conclave tata babbar kyauta ran 16 ga wata, ƙungiyar ƴan wasan Amurka ma ta karrama shi ran 23. Faransa dai ta tsaya wa nata, inda Emilia Pérez ya ci kyautar César guda 7 ran 28 ga Fabrairu, amma wannan bai canza kome ba a Amurka, tun da an riga an rufe akwati.

Ranar hisabi

Ran 2 ga Maris aka buɗe ambulan. Anora, mai wurare 6, ya ci 5, har da babbar kyauta. Labari ne na wata yarinya mai rawa a gidan rawar dare a Niyok, wadda ta auri ɗan wani attajirin Rasha, iyayensa suka tashi tsaye sai an raba auren. Wanda ya shirya shi, Sean Baker, ya ɗauki kyauta 4 shi kaɗai a wannan dare. Ƴar wasansa Mikey Madison, mai shekara 25, ta kayar da Demi Moore. The Brutalist ya ci 3, ciki har da ta ɗan wasa ga Adrien Brody, wanda maganar na'urar murya ba ta hana shi ba. Conclave ya ci 1. A Complete Unknown ya koma gida hannu rabbana duk da wurare 8.

Emilia Pérez kuwa, cikin 13, ya tsira da 2 kaɗai: ta Zoe Saldaña a matsayin mai taimaka wa babbar ƴar wasa, da ta waƙa. Kyautar fim ɗin ƙasashen waje, wadda aka ce tasa ce, Barazil ta ɗauka, karo na farko a tarihinta, ana tsakiyar bikin gargajiyarsu na shekara. Masu iya magana sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Maganar kuɗi

Da yawa sun ɗauki nasarar Anora a matsayin nasarar ƙaramin fim a kan manyan kamfanoni, kuma akwai gaskiya a ciki, domin da dalar Amurka miliyan 6 aka yi shi, wato kusan miliyar 4 na sefa, kuɗin da ba a bakin kome yake ba a Holiwud. Amma shugaban kamfanin Neon, wanda ya rarraba fim ɗin, ya bayyana cewa sun kashe kimanin dala miliyan 18 wajen talla da rarrabawa da neman ƙuri'a, wato sama da miliyar 10 na sefa, ninki uku na kuɗin yin fim ɗin.

Ina waɗannan kuɗi ke tafiya? Ana hayar ɗakunan sinima a Los Anjalas da Niyok da Landan don nuna fim ga masu ƙuri'a, ana sayen shafuna a jaridun sana'ar, ana biyan jirgi da masauki na ƴan wasa wata da watanni suna yawon hira, ana ɗaukar ƙwararrun da aikinsu ke nan na tsara neman ƙuri'a. Dalili kuwa a fili yake: finafinai ɗaruruwa ne suka cancanci shiga kowace shekara, kuma babu mai ƙuri'ar da zai iya kallonsu duka. Fim ɗin da ba a kai shi gaban idonsa ba, kome kyansa, ba zai zaɓe shi ba.

Inda Afirka ta tsaya

A fannin fim ɗin ƙasashen waje, kowace ƙasa fim ɗaya take aikawa, ta hannun kwamitin da Akademi ta amince da shi. Wajibi ne fiye da rabin maganar da ke ciki ta kasance ba da Ingilishi ba, kuma a nuna fim ɗin a ɗakin sinima kwana 7 a jere, mutane suna biyan kuɗin shiga. Wannan ƙa'ida ta harshe ce ta sa aka fid da fim ɗin Najeriya mai suna Lionheart a 2019.

Ƙasashe 85 ne aka karɓi finafinansu a wannan karo. Najeriya ta aika da fim na Hausa mai suna Mai Martaba, wanda Prince Daniel ya shirya, labarin rikicin gadon sarauta a wata masarauta. Masu sha'awar finafinan Hausa sun yi farin ciki da wannan zaɓi, amma da aka tace aka bar 15 a watan Disamba na 2024, ba ya ciki. Fim ɗaya ne tak daga Afirka ya kai wannan mataki, shi ne Dahomey na Mati Diop, wanda Senegal ta aika. Yana ba da labarin kayan sarauta 26 da sojojin Faransa suka kwashe daga Abomey a zamanin mamaya, aka mayar wa ƙasar Benin a watan Nuwamba na 2021. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Berlin a 2024, saboda haka aka sa rai ƙwarai. Ran 23 ga Janairu ba a kira sunansa ba. Biyar ɗin da suka rage, huɗu ƙasashen Turai ne suka aiko su, wato Danmak da Faransa da Jamus da Latbiya, na biyar shi ne na Barazil.

Tarihi ma haka ya nuna. Daga 1957 da aka fara takara a wannan fanni zuwa 2025, sau uku kaɗai kyautar ta zo Afirka: Aljeriya a 1970 da fim ɗin Z, Kodibuwa a 1977 da La Victoire en chantant, sai Afirka ta Kudu a 2006 da Tsotsi. Biyu na farko Turawa ne suka shirya su, Costa-Gavras da Jean-Jacques Annaud. Timbuktu na Abderrahmane Sissako ya kai cikin biyar a 2015 da sunan Muritaniya, bai ci ba. Ƙasar Nijar kuwa a 2018 ta aika da fim karo na farko, Zin'naariyâ na Rahmatou Keïta, bai samu wucewa ba.

Mai gardama zai iya cewa ai ƙananan ƙasashe ma suna ci, ya kawo misalin Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, wadda fim ɗinta na zane mai suna Flow, labarin wata kyanwa da ambaliya ta rutsa da ita, ya kayar da manyan kamfanonin Amurka a 2025. Zai iya ƙarawa da No Other Land, wanda Falasɗinawa biyu da ƴan Isra'ila biyu suka yi a kan rushe ƙauyukan Masafer Yatta, ya ci kyautar fim ɗin gaskiya alhali babu wani babban kamfanin Amurka da ya yarda ya rarraba shi. Misalan gaskiya ne. Sai dai Flow ya samu tallafin hukumar sinima ta ƙasarsa, da haɗin gwiwar Faransa da Beljiyam, an fara nuna shi a Cannes, kuma ya samu mai rarraba shi a Amurka. No Other Land ma da kyautar Berlin ya fara, kuma akwai hannun ƙasar Norwe a cikin yin sa. Babu wanda ya isa Los Anjalas kai tsaye daga gida ba tare da tsani ba.

Abin da ya kamata a ɗauka

Kwana ɗaya kafin bikin Oska, wato ran 1 ga Maris na 2025, aka rufe bikin FESPACO karo na 29 a Wagadugu, inda ƙasar Cadi ta kasance babbar baƙuwa. Dani Kouyaté na Burkina Faso ne ya ci babbar kyauta, Dokin Yennenga na zinariya, da fim ɗinsa Katanga. An yi bikin cikin jimamin rasuwar Souleymane Cissé na Mali, wanda aka shirya zai shugabanci alƙalai, Allah ya karɓi ransa ran 19 ga Fabrairu, kwana uku kafin buɗewa. Kuɗin wannan kyauta miliyan 20 ne na sefa. Abin da aka kashe wajen tallar Anora ya ninka shi fiye da sau 500.

Nijar tana da tsohon suna a wannan fage. Tana cikin ƙasashen da suka halarci bikin farko a 1969, kuma da aka fara ba da Dokin Yennenga a 1972, Umaru Ganda ne ya fara ɗaukarsa da Le Wazzou polygame. Shi ne kuma ya kai Cabascabo bikin Cannes a 1969. Mustafa Alasan, wanda ya daɗe yana aiki a Tawa, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka tun shekarun 1960. A wancan zamani ɗakunan sinima na Yamai da Maraɗi da Damagaram suna cika da dare. Daga baya, da bidiyo da talabijin suka shiga gidaje, mafi yawansu suka rufe.

To, ga abin da gasar 2025 ta nuna. Jerin sunayen ƴan takara yana bayyana finafinan da aka samu kai wa gaban masu ƙuri'a, da irin ra'ayin da ke kaɗawa a cikinsu a wannan mako. Ra'ayin kuwa yana iya juyawa cikin kwana bakwai, kamar yadda ya juya wa Emilia Pérez. Saboda haka rashin ganin sunan fim ɗin Afirka a jerin ba hukunci ba ne a kan ingancinsa, kuma kuskure ne a auna ma'aikatan sinima na ƙasa da wannan ma'auni.

Aika fim zuwa Oska ba laifi ba ne, yana sa a ji sunan ƙasa. Amma hukumar da kuɗinta ba su da yawa, wajibi ne ta san abin da za ta sa a gaba. Ƙa'idar Akademi da kanta ta nuna mafari, tun da ta ce sai an nuna fim kwana 7 a ɗakin sinima ana biya. Ke nan aikin farko shi ne a samu ɗakunan da za a nuna fim a manyan garuruwan jihohi, da asusun da zai taimaki mai shirya fim ya kammala aikinsa, da horon matasa a kan sauti da haɗa hoto, da fassara finafinai cikin harsunan ƙasa domin manomi da makiyayi su gane abin da ake faɗa. Bayan haka a nemi haɗin gwiwa da maƙwabta, a riƙa halartar Wagadugu da aiki mai kyau kowace shekara biyu, domin a irin waɗannan bukukuwa ne masu rarraba finafinai ke zuwa neman abin saye. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Barazil ma, kafin Amurkawa su zaɓi fim ɗinta, sai da miliyoyin ƴan ƙasar suka biya kuɗinsu suka kalle shi a ɗakunan sinima na garuruwansu.